Santi Shida

Mutum goma sha ɗaya ne suka shiga jirgin fito na ƙarfe goma sha biyu a ranar, ban da awaki biyu, keke ɗaya da buhun siminti uku. Matar Ma'auni ta ƙirga su tun suna kan gaɓa, don ita ba ta shiga ruwa sai ta san nauyin da za a ɗora wa katako. Tara ta san su, ta san iyayensu. Ta goma ita ce kanta. Na goma sha ɗayan ne ya hana ta sakewa.

Zai yi shekara talatin da biyar, da takalmi mai igiya wanda bai taɓa taka laka ba, da baƙar jaka da ya rungume a cinya. Mai sayen kifi da baho yake zuwa ƙauyensu, ɗan'uwan wani da tsaraba yake zuwa, mai neman ƙuri'a kuwa tun daga nesa haƙoransa suke gaishe ka. Wannan ba baho, ba tsaraba, ba fara'a. Abin da ta hango kawai, kan tef ɗin awo na ƙarfe yana leƙowa daga aljihun jakar.

Mai fito ya ja igiyar inji sau uku kafin ya kama. Ƙanin mijinta ne, kuma shekara talatin ke nan ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Matar yaya, koma tsakiya, kin karkata mini jirgi."

"Jirgin da ko sauro ya sauka sai ya karkata? Ja mu je, kai dai."

Ba su yi minti biyar da tashi ba baƙon ya juya wajen mai fito.

"Malam, a ƙauyen nan ne ma'aunin ruwa yake, ko? Daga ofishin ruwa nake. Mai karanta shi nake nema."

Ta yi maza ta zura hannu cikin leda, ta ture kwalbar maganin idon da ta je karɓo wa maigidan, ta ciro lemo ta hau ɓarewa. Bakin da ke tauna ba ya ɓarin zance, haka ta ce wa ranta.

Ma'aunin nan ba wani abu ba ne, ginshiƙin siminti ne a gindin matakalar da jirgi ke tsayawa, an manna masa dogon allon ƙarfe mai lambobi baƙi da fari. Ƙarfe bakwai na safe da shida na yamma sai a duba inda ruwa ya tsaya, a rubuta a littafi, a aika ofis ta waya. Da lambobin nan ake sanin ko kogi zai yi wa garuruwan ƙasa ɓarna. Mijinta ya shekara ashirin da takwas a kan aikin, har sunansa na yanka ya ɓace, yaro da babba Ma'auni suke ce masa. Shekara biyu da wata uku da suka wuce yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Ofis bai sani ba.

Ita kuwa ba 'yar ruwa ba ce. A tudu aka haife ta, inda ake jan guga gaba talatin kafin a ga ruwa, inda ɗigon da ya zube a ƙasa sai an tanka. Ranar da ta fara shiga jirgi, tana amarya, runtse ido ta yi ta dinga ƙirga bugun filafili har aka kai gaci: ɗari huɗu da goma sha biyu. Tun daga nan ƙirga ya zame mata maganin tsoro. Ta ƙirga matakalar bakin ruwa, talatin da bakwai. Ta ƙirga gidajen ƙauyen, sittin da huɗu. Ta haifi 'ya'ya biyar, huɗu suka rayu, duk sun kama gabansu. Sana'arta gyaran taru, kuma masunci ya kawo mata taru ya yage, kallo ɗaya za ta yi masa ta ce ido kaza ne suka tafi, ya je ya ƙirga ya tarar haka ne. Karatun boko iyakarta firamare, amma lamba ba ta taɓa yi mata gardama ba.

Yadda aikin ya faɗo hannunta ba shiri aka yi ba. Wata safiya tana wanke tukwane a matakala ta uku, ta ga maigidan ya tsaya gaban allo yana ta murza ido.

"Wane ne ya tada hayaƙi da sassafe haka?" in ji shi.

Ta duba hagu da dama, gari garau. Sai ta karanta masa lambar kamar da wasa. Ya ce, "Haka ne," ya rubuta. Kashegari ma haka. Kafin wata ya ƙare ita ke riƙo hannunsa su sauko, ya tsaya ƙiƙam, ta durƙusa ta karanta, ta rubuta, ta danna waya, shi kuma ya ce, "Haka ne." Gida sittin da huɗu duk sun sani, ba wanda ya kai zancen ƙetare. Dalili kuwa, sun ji abin da ya faru a wani ƙauye can sama: an kama mai karatunsu yana sa ɗansa ya duba masa, aka karɓe littafi da waya a rana ɗaya, aka ba wani gida. Takardar aiki ta ce mai suna shi ne mai karatu. To, in aka karɓe aikin nan, me zai ƙara tada maigidan daga gado da safe? Ita ma, in za ta faɗi gaskiya, ranar da ba ta ga inda ruwa ya kwana ba, ba ta jin ta karya kumallo.

"Yana gari kuwa?" baƙon ya sake tambaya.

"Ina zai je?" in ji mai fito. "Shi da ginshiƙin nan ai tagwaye ne."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Garau. Jiya ma ya cinye kwano biyu."

"Shi da kansa yake saukowa kullum?"

"Da ƙafafunsa biyu, yallaɓai. Ni ban taɓa goya shi ba."

Ba ƙarya ko ɗaya a ciki, ta lura, amma kuma ba gaskiyar da za ta ƙosar. Baƙon ya ciro ɗan littafi ya yi rubutu. Ta ƙirga: layi biyu. Mutum ya ji an ce tsoho ya cinye kwano biyu, me zai rubuta har layi biyu? Ruwa ba ya tsami banza. Ko wani ne ya kai tsegumi? Ta bi fasinjojin da ido ɗaya bayan ɗaya. Magini mai siminti ya taɓa cewa aikin ma'auni aikin zaman banza ne, shi ma zai iya. Tsohuwa mai awaki kuwa bakinta kamar kwando. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ruwan da ke kwance a gindin jirgi, kamar ba su taɓa ganin ruwa ba.

A rabin hanya kogin ya rabu biyu, tsibiri a tsakani. Hagu hanya ce mai zurfi, amma ta fi nisa da minti ashirin. Dama gajeruwa ce, sai dai akwai tudun yashi kwance a ƙarƙashinta. Mai fito ya gaji da tambayoyi, so yake ya sauke baƙon nan ya huta, sai ya karya kan jirgi dama.

Ita kuwa lissafi ya riga tunani zuwa bakinta. Mutum goma sha ɗaya, siminti uku, ruwa yana ja.

"Kai, kai, kai! Ina za ka kai mu?" ta faɗa da lemo cike da baki. "Santi shida ya sauka tun jiya, za ka dasa mu a kan yashi!"

Ba ka jin komai sai ƙarar inji. Har awakin suka yi tsit.

Mai fito ne ya fara farfaɗowa. Ya buga cinya ya ƙyalƙyale da dariya. "Santi! Jama'a ku shaida, matar yaya ta yi santi! Lemon nawa ne wannan, har da ƙirga santin kike yi, shida cif? Miƙo ɓari ɗaya mu ma mu yi!"

Jirgi ya ɗauki dariya, irin wadda ta fi abin dariyar ƙarfi. Magini har da riƙe ciki. Ita ma ta rufe baki da gefen mayafi kamar mai jin kunya, ta ce, "Zaƙi ne da shi, ba laifina ba ne." Amma mai fito, yana dariyar, ya juya kan jirgi hagu.

Baƙon bai yi dariya ba. Ya buɗe jaka ya zaro takarda, ya bi ta da yatsa har ƙasa.

"Jiya da safe ɗari biyu da arba'in da tara. Yau da safe ɗari biyu da arba'in da uku." Ya ɗago. "Inna, a garin nan da santimita ake auna ruwa?"

Tsohuwa mai awaki ta ga ya kamata ta kawo ɗauki. "Ina fa, ɗan nan! Mu da taƙi da kamu muka san ruwa, tun kaka da kakanni. Ita kaɗai ce dai ke…" Sai ta ji ƙafar magini a kan tata. Ta haɗiye sauran.

"Matar mai karatun ce," in ji mai fito da sauri. "Mai kwana ɗaki ɗaya da ma'auni ai dole ta tashi da lamba."

"Haka ne," in ji baƙon. Ya ƙara rubuta layi ɗaya.

Sauran tafiyar minti talatin da biyar ce. Duk lokacin da ta saci kallonsa sai ta tarar shi ma ita yake kallo. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Jirgi bai gama tsayawa ba ta dire. Ta wurga wa allon ido a wuce: ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Ta haye matakala talatin da bakwai ba hutu, abin da ta shekara biyar ba ta yi ba, ta bar mai fito yana ɓata wa baƙon lokaci da sauke awaki.

Maigidan yana zaune bakin gado, rediyo a kunne. Ɗakin kamar kullum: tabarma a naɗe bayan ƙofa, taru rabin gyara a rataye, akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado cike da tsofaffin littattafan karatu, kowace shekara da nata.

"Mutumin ofis ya zo," ta ce tana haki. "Kwanta in lulluɓe ka, mu ce zazzaɓi ne."

"In kwanta wa yaron da na girmi takardar haihuwarsa? Ba ni hulata."

"Maigida, zai ce ka karanta."

"Nawa ne yanzu?"

"Arba'in da ɗaya."

"To, shi ke nan. Kada ki riƙe ni. Ƙafata ta san hanya."

Ƙafar kuwa ta sani. Ya sauko tsaf, hannu a baya, ita tana biye da taku ɗaya. Suka gaisa da baƙon, gajiya, iyali, hanya, komai daidai. Mutanen jirgi da ya kamata su watse duk suka samu abin yi a bakin ruwa.

"Baba, ko za ka duba mana ruwan?"

"Aikina ke nan."

Ya matsa matakala ta ƙarshe, ya ɗan sunkuya, ya kare goshi da tafin hannu, ya daɗe yana dubawa kamar yadda ya saba.

"Ɗari biyu da arba'in da ɗaya," ya faɗa da ƙarfi.

Lamba daidai. Sai dai kullum a hagunsa take tsayawa ta juyo shi, yau kuwa ba wanda ya juyo shi. Turken da ake ɗaure jirgi yake kallo. Allon yana can gefe, taku huɗu daga inda idonsa yake.

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Mai fito ya hau warware igiyar da ba ta harɗe ba. Shirun ne ya gaya wa tsohon abin da ya faru. Ya miƙe a hankali, ya sauke hannu.

Baƙon ya zauna a kan matakala, ya ɗora jakar a gefe.

"Baba, bari in faɗa muku abin da ya kawo ni, don na ga tun a jirgi ake yi mini kallon mai kamen ɓarayi. Ba wanda ya kai ƙararku. Lambobinku ne suka kawo ni. Shekara ashirin da biyar da ɗoriya, lambar garin nan in ba da sifili ta ƙare ba, da biyar za ta ƙare. Kuma duk wata akwai kwana biyu ko uku da ba ta zuwa."

"A zamanina kogin bai cika son ƙananan lambobi ba," in ji Ma'auni.

"To, sai ga shi dare ɗaya ya fara son su. Uku, bakwai, tara. Kwana ɗari takwas da ashirin da ɗaya ba fashi, ƙarfe bakwai ba ta wuce da minti biyar. Shugabana ya ce mutum ba ya gyaruwa haka da tsufa. Ya ce wani ne ke zaune a ɗaki yana ƙirƙiro lamba. In ban ga mai karatun da idona ba, in rubuta a soke tashar nan."

Matar Ma'auni ta auna maganar ta gaba da baya. Tarko ne? In ta karanta, ta tabbatar masa da abin da aka kori na ƙauyen sama a kansa. In ta yi shiru, ya ce a soke. Wa ya sani ko daɗin baki ne irin na ma'aikata, su sa ka miƙa wuya da kanka?

"Wanda aka kora can sama fa?" ta ce. "Shi ma haka aka lallashe shi?"

"Shi ɗansa daga kan gada yake hango allon, Inna, yana kan keke. Rabin lambobin ƙarya ne."

"Kai ka ce."

"Ni na ce."

Maigidan ya juyo wajen muryarta. "Ke, nuna masa."

"Maigida…"

"Na ce nuna masa. Ni dai na gama kallon turke."

Ta ɗaure mayafi a ƙugu. Baƙon ya cire takalmi da safa, ya naɗe wando, ya shiga ruwa da tef ɗinsa. Ita ta sa hannu ta yaye ciyawar da ta maƙale a gindin allo, ta durƙusa har kumatunta ya kusa taɓa ruwa, don lamba daga sama ƙarya take yi. Ta jira igiyar da jirgi ya tayar ta kwanta. Ruwa yana ɗan hawa yana sauka, ta bi shi sau goma, ta riƙe na sama ta riƙe na ƙasa, ta raba tsakani.

"Arba'in da biyu nake gani," in ji baƙon.

"Matsa ƙasa, ɗan nan. Kana tsaye ta inda ruwa ke zuwa, ƙafafunka na hargitsa shi."

Ya dubi ƙafafunsa, ya koma bayan ginshiƙi. Suka jira. Ya sake aunawa, sau biyu.

"Arba'in da ɗaya," ya ce.

"Haka ne," in ji Ma'auni daga kan matakala.

Baƙon ya fito ya goge hannu, ya zaro wata takarda daga jaka. Ta sauya mai karatu ce. Ya ce zai cika ta da sunanta, amma sa hannun ƙarshe na shugabansa ne, amsa sai bayan mako biyu, kuma ba zai yi alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba.

"Da ma da ita ka zo?" ta tambaya.

"Kullum tana cikin jaka."

"Ta sokewar ma tana ciki?"

"Tana ciki."

"Mu gani."

Ya nuna mata. Ta riƙe su biyun, ta gwada kan wannan da kan waccan, ta mayar masa da ta sokewar, ta tsaya har ya zuge jakar a kanta. Sannan ta ce ya karanta ɗayar da ƙarfi kowa ya ji. Ya karanta. Ta karɓa ta bi ta da kanta, layi goma sha huɗu, tana motsa leɓe. A layi na tara ta tsaya. Dalilin barin aikin tsohon mai karatu, da akwati uku: rasuwa, kora, murabus.

"Wanne za ka sa?"

"Baba ne zai zaɓa."

Tsohon ya gyara zaman hularsa. "Na farkon ban shirya ba tukuna. Na biyun ba a haifi mai yi mini shi ba. Sa na ukun."

Baƙon ya ɗora biro. Ta sunkuya har inuwarta ta rufe takardar, ta ga ya sauka a akwati na uku, ba na biyu ba. Sai da tawada ta bushe ta karɓi biron ta rubuta sunanta, harafi ɗaya bayan ɗaya, hannunta yana ɗigar da ruwan kogi a gefen takardar.

"Kafin amsa ta zo, wa zai dinga aikowa?" ta ce.

"Wanda ya saba."

Jirgin da ke tashi ƙarfe uku ne zai mayar da shi. Ya ɗaura takalminsa, ya yi sallama da tsohon hannu biyu, ya shiga ya zauna a tsakiya ba tare da an ce masa ba. Mai fito ya tura jirgi da gora, ya leƙo.

"Matar yaya, yanzu sai mu dinga ce miki ranki ya daɗe?"

"Sai takarda ta dawo. Kuma ka zuba ido a kan jakar nan har ya sauka, kada wata takarda ta fito ta canza wata a hanya."

"Inna, ina jinki fa," in ji baƙon.

"Don ka ji na faɗa."

Inji ya kama. Ta tsaya har suka sha kwanar tsibiri. Maigidan ya miƙo hannu ta kama, suka fara hawa.

"Mako biyu ya ce?" in ji shi.

"Kwana goma sha huɗu. Ran na sha biyar in ban ji komai ba, ofishin zan je da ƙafata."

"A jirgi?"

"A jirgi. Ɗaga ƙafa, wannan ta tsage."